Darasi na 9: Idan Katin Hoto Ya Fara Ba Da Matsala

A darasin baya mun buɗe akwatin kwamfutar tebur, mun san sunan kowane abu da ke ciki. Yau za mu tsaya a kan guda ɗaya, wato katin hoto, wanda masu gyara a Beirut Road da Farm Centre suke ce wa girafik. Shi ne faffaɗan allon nan mai fanka ɗaya ko biyu ko uku da ake sokewa a jikin babban bod, kuma duk abin da ido yake gani a monita shi yake zana shi. A kwamfutar wasa babu abin da ya kai shi tsada, babu abin da ya kai shi shan wuta, babu kuma abin da ya kai shi ɗaukar zafi. Shi ya sa da zarar wasa ya tsaya cak, ko monita ta yi baƙi ƙirin, shi ake fara tuhuma.

Kada wani ya ce shi ba ya buga wasa, don haka darasin bai shafe shi ba. Kwamfutar da yaronka yake buga EA FC ko eFootball ko GTA V a kanta, irinta ce a ofishin zane na masana'antar buhu da leda a Sharada, inda ake fitar da tambarin kaya da CorelDRAW. Irinta ce a gaban mai zanen inji da AutoCAD a Bompai, irinta ce kuma a ɗakin tace fim a Zoo Road. Ciwonsu ɗaya, maganinsu ɗaya.

Da yawa daga cikinku a Sharada ko Challawa ko Bompai kuke aiki, kun kuma san abin da ofareta yake yi idan inji ya tsaya ana tsakiyar aiki. Ba ya rugawa ofis ya ce a sayo sabo. Yakan duba wuta, ya duba fiyus, ya ɗora hannu a jikin injin ya ji zafinsa, sannan ya yi maganar abin da ya karye. Haka nake so ku yi wa katin hoto: wuta tukuna, sai zafi, sai direba, katin kansa shi ne na ƙarshe. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ganin mutum ya kwashe albashin wata ya sayi wani katin, ya kai gida ya soke, matsalar kuma tana nan daram.

Dubi yadda ta tsaya

Kafin ka ɗauki sukudireba, zauna ka kalli yadda matsalar take zuwa, ka rubuta a takarda. Ƙarfe nawa ne? A wutar layi ake ko a janareta? Minti nawa aka yi ana wasa kafin ta tsaya? Me aka canja ko aka ɗora a cikin makon?

Wani lokaci hoto yakan daskare, monita ta ɗauke na 'yan daƙiƙu, sai ta dawo amma wasan ya rufe kansa. Wannan da gangan Windows take yi. Tun daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007, Microsoft ta sa mata wani tsari: idan katin hoto ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, za ta kashe direbansa ta sake tayar da shi. Direba shi ne manhajar da ke kai umarni daga Windows da wasa zuwa ga katin. Idan tayarwar ta yiwu, za ka ga ɗan saƙo a ƙasan allo cewa direba ya daina amsawa amma ya farfaɗo. Idan ba ta yiwu ba, allo zai koma shuɗi da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE, sau da yawa haɗe da sunan wani fayil: nvlddmkm.sys idan katin Nvidia ne, atikmpag.sys idan na AMD ne, igdkmd64.sys idan na Intel ne.

A nan ne mutane suke ɓata hanya. Ganin sunan direba a shuɗin allo ba ya nufin direban ne ya lalace. Windows ta faɗi wanda ta kira bai amsa ba ne kawai, ba ta faɗi abin da ya hana shi amsawa ba. Katin da wuta ta gaza masa, da wanda zafi ya gallaba, da wanda memorinsa ya lalace, duk saƙo ɗaya suke kawowa.

Wani lokacin kuma kwamfutar gaba ɗaya ce take mutuwa ɗif, ko ta sake tashi da kanta, babu shuɗin allo babu saƙo, kamar an zare fulogi. Direba ba ya yin haka sai da ƙyar. Wannan maganar wuta ce, ko zafi da ya wuce iyaka. Idan kuwa ɗigo-ɗigo ne masu launi, ko layuka, ko ƙananan murabba'ai suka watsu a hoto, lura da lokacin da suke fitowa. In har sun fito tun a tambarin farko, kafin Windows ta tashi, direba ba shi da hannu, domin a lokacin bai ma fara aiki ba. Sai ka canja wayar monita, musamman idan akwai ɗan mahaɗin nan na HDMI zuwa VGA da muke yawan amfani da shi saboda tsofaffin monitoci. In ba waya ba ce ba kuma monita ba ce, to katin ne. Idan kuma wasa ɗaya ne tak yake rufewa, sauran suna tafiya garau, fara da wasan: ƙila bai sauka daidai ba, ƙila kwafin kasuwa ne da aka yi wa kutse, ƙila ya fi ƙarfin katin.

Windows tana ajiye tarihin duk wannan. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta perfmon /rel. Za ka ga jadawalin kwanaki da jan alama a duk ranar da wani abu ya faɗi. A cikin Event Viewer kuma, lamba 4101 tana nufin direban hoto ya tsaya ya farfaɗo, lamba 41 tana nufin kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ake kashe ta ba. Gwada waɗannan lokuta da abin da ka rubuta a takardarka.

Wuta

Ga irin tambayar da ake gane mai gyara na ƙwarai da ita. Saurayi ya shigo shago da kwamfuta a kafaɗa.

"Maigida, girafik ɗin ne ya tashi aiki. A duba min ko akwai wani."

"Samari, a ina kake jona ta?"

"A shagonmu, bayan masu walda."

"Da dare ma tana yi?"

"A'a, da dare lafiya lau take."

"To mayar da kuɗinka aljihu tukuna."

Bompai ce mafi tsufa cikin unguwannin masana'antun Kano, tun zamanin Turawa, Sharada da Challawa suka biyo baya. Abin da ya haɗa su ukun shi ne manyan injuna: na narka roba, na matse mai, na jima, na niƙa, ga masu walda a kowace kwana. Wutar soket a Najeriya bolt 230 ya kamata ta zama. Amma duk lokacin da babban moto ya tashi, yakan ja wuta ninkin abin da yake ci in ya daidaita, ƙarfin wutar ya faɗi na ɗan lokaci ga duk wanda ke layi ɗaya da shi. Ƙwan fitila zai lumshe ya dawo, ba wanda zai kula. Katin da ke tsakiyar wasa kuwa ba ya haƙuri da wannan. Haka abin yake lokacin da ake sauyawa daga layi zuwa janareta, haka yake a ƙaramin janaretan da aka haɗa masa firji da dutsen guga.

Mai karɓar wannan duka shi ne fawa fak, akwatin ƙarfen da wayar soket take shiga. Karanta takardar da ke manne a jikinsa. Wanda aka rubuta 100 zuwa 240 ya fi jure faɗuwar wuta a kan wanda aka rubuta 200 zuwa 240. Sannan ka dubi wat ɗinsa. Kwamfutocin ofis na hannu, irin Dell da HP da suka cika kasuwa, fawa fak ɗin yawancinsu bai wuce wat 200 zuwa 300 ba, domin ba a yi su don wasa ba. RX 580 shi kaɗai yana cin kusan wat 185, AMD kuma ta ce a ba shi fawa fak mai wat 500. GTX 1060 yana cin 120, Nvidia ta ce a ba shi 400. Wanda ya soke irin waɗannan a kwamfutar ofis zai ga tana tashi lafiya, tana buɗe Facebook lafiya, amma da an shiga fili an take leda sai ta mutu.

Ramin da ake soke katin a jikin bod wat 75 kaɗai yake bayarwa. Shi ya sa yawancin GTX 1050 Ti ba sa neman ƙarin waya. Katin da ya fi haka yana da baki a gefe: fulogi mai fil 6 yana kawo wat 75, mai fil 8 yana kawo 150. Idan fawa fak ba shi da wannan wayar, sai a ba ka ɗan mahaɗi mai araha da ke ɗebo wuta daga wayar SATA, wadda aka yi don hadis. Ina roƙonku kada ku karɓa. Bakin SATA bai fi wat 54 yake ɗauka ba. Zare irin wannan mahaɗin bayan 'yan watanni ka kawo shi kusa da ido: baƙar robar ta yi ƙyalli ta lanƙwashe a gefen rawayar waya, fil ɗaya ya yi duhu, ga ƙaurin ƙonanniyar roba. Daga nan zuwa gobara ba nisa.

Sitabilaiza yana taimakawa wajen wutar da ta yi ƙasa ta daɗe, amma ba ya riƙe kwamfuta idan an ɗauke. Aikin UPS ke nan. Sai dai ku sani 650VA da aka rubuta a jikinsa ba wat 650 ba ne, yawanci tsakanin 360 ne da 390, batirinsa kuma zafin Kano yana saurin cinye shi. UPS da ya yi wa kwamfuta kaɗan shi da kansa zai riƙa kashe ta. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka ɗauki kwamfutar ka kai ta wata unguwa mai tsayayyiyar wuta, ka jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, ka buga wasan nan dai na awa guda. Fawa fak kuwa kada ka taɓa kwance shi. Yana riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare shi.

Zafi da ƙura

Alamar zafi ita ce lokaci. Kwamfuta ta tashi lafiya, a yi minti goma ko ashirin, fanka ta fara kuka, hoto ya fara tsinkewa, sai ta faɗi. Da asuba ta yi lafiya, da azahar ta ƙi. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, ofishin da ke ƙarƙashin kwanon masana'anta kuma ya fi waje zafi. Katin da aka gwada a ɗaki mai digiri 22 a wata ƙasa ya fara aiki a nan da bashin digiri kusan ashirin.

Ba sai ka yi hasashe ba. Sauke GPU-Z ko HWiNFO, kyauta suke, ka bar su a buɗe kana wasa. Digiri 65 zuwa 80 a cikin wasa ba abin damuwa ba ne. Katunan Nvidia da yawa an saita su su fara rage gudu a wajen 83. Idan ka ga ana haura 90, tsaya. Wasu katunan suna nuna lamba ta biyu, ta wurin da ya fi ko'ina zafi a jikin ƙwaƙwalwar katin, wannan kullum ta fi ta farko. A katunan RX 5700 AMD ta ce har 110 bai fita ƙa'ida ba, saboda haka ka san wace lamba kake karantawa.

Yanzu kashe ta, zare waya daga bango, danna maɓallin kunnawa sau biyu don sauran wuta ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa komai. Kwance sukurun da ke riƙe katin, danna ɗan makullin roba da ke ƙarshen ramin, ka zaro shi a hankali. Juya shi wajen haske ka leƙa ta bayan fanka. Bayan hunturu ɗaya za ka tarar da ƙura ta dunƙule ta yi kauri, launin ƙasa-ƙasa, ta toshe tsakanin siraran ƙarafan da iska ya kamata ta ratsa, har kana iya ɗago ta da tsinke ta taso gaba ɗaya. A shagon da janareta yake bakin ƙofa, hayaƙin gas yakan gauraya da ita ta yi baƙi ta yi danƙo, bulowa kaɗai ba ta fitar da ita sai an bi da buroshi. Idan za ka hura, danne fankar da yatsa, kada iska ta riƙa juya ta da ƙarfi ta ɓata ta.

Ku da kuke Challawa, kusa da masu sarrafa fata, akwai ƙarin abu ɗaya. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana dusashe jan ƙarfe da azurfa. Dubi haƙoran katin masu ruwan zinariya da bakin fulogi, ka goge su da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit, ka bari su bushe. Ka yi wa ram haka, domin ram da bai zauna daidai ba yana kawo shuɗin allon da za a ɗora wa katin hoto.

Katin da ya shekara huɗu ko biyar, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya ya riga ya bushe ya zama gari. Sabunta shi ba wuya, amma karon farko ka yi a gaban wanda ya iya. Sannan ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa, ka janye ta daga jikin bango.

Direba

Sai an wanke wuta da zafi ake zuwa nan, sai fa idan matsalar ta fara ne ranar da aka sabunta direba ko Windows. In haka ne, buɗe Device Manager, ka shiga sunan katin, ka zaɓi Roll Back Driver, ya koma na da. Sabon direba ba kullum ya fi tsoho ba. Wanda yake maka aiki lafiya, ajiye kwafinsa a filash, domin kowane ɗaya yana cin data megabait ɗaruruwa.

Idan direbobi sun cakuɗe, misali an cire katin AMD an sa na Nvidia ba a goge na farko ba, sai a yi share fage. Fara sauke direban da ya dace daga shafin kamfanin kansa, ba daga tarin direbobin da ake zuba wa mutane a filash ba. Sauke kuma DDU, manhajar goge direban hoto. Cire intanet, don kada Windows ta riga ka ɗora nata. Riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ka zaɓi lamba 4, wato Safe Mode. A can za ka buɗe DDU ka goge, kwamfutar ta sake tashi, ka ɗora sabon, sannan ka mayar da intanet. Abu ɗaya za ka canja a lokaci guda, ka gwada, kafin ka taɓa na biyu. Wanda ya canja abu biyar ya ga ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba, ranar da ta dawo kuma daga farko zai fara.

Tsofaffin katuna suna da iyaka. Nvidia ta daina fitar da sabon direban wasa ga yawancin jerin GTX 600 da 700 tun 2021, saboda haka wasu sabbin wasanni ba za su tashi a kansu ba ko me ka yi.

Shawara biyu za ku ji, ban yarda da su ba. Ta farko, a yi fomatin. Fomatin yana share aikin mutum na shekaru, ba ya kuma ƙara wa fawa fak wat ɗaya. Ta biyu, a shiga rajistar Windows a tsawaita daƙiƙa 2 ɗin nan. Mai tace fim da ke ba katin aiki mai nauyi yana iya buƙatar haka, amma ga mai wasa rufe baki ne kawai aka yi wa alamar, ciwon yana nan.

Katin kansa

Hanyar tabbatarwa ita ce musaya. Sa katinka a kwamfutar wani mai lafiya, ka sa nasa a taka. Idan matsalar ta bi katin, shi ne. Alamar rawaya da Code 43 a Device Manager bayan an ɗora direba mai tsabta ita ma tana nuni gare shi. Kafin ka fid da rai, buɗe manhajar MSI Afterburner ka rage masa wuta zuwa kashi 80 cikin 100, ka ɗan sassauta gudunsa. Katin da ya gaji yakan ƙara daɗewa a haka.

Yawancinmu na hannu muke saya, don haka ku san tarihinsu. A watan Satumba na 2022 Ethereum, wato wani kuɗin intanet, ta daina amfani da haƙar kuɗin da ake yi da katin hoto, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya, RX 580 a kan gaba. Wasu an canja musu manhajar ciki don haƙa, direban AMD kuma yakan ƙi karɓarsu sai an mayar musu da ta asali. Akwai kuma jabu, tsohon GTS 450 da aka sa ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti. GPU-Z yana gane da yawansu, ya rubuta FAKE a gaban sunan. Akwai wanda ya mutu aka gasa shi da na'urar hura zafi ya farfaɗo na 'yan makonni. Juya bayansa ka duba: inda aka gasa yakan yi duhu ko rawaya. Kada ka biya sai an soke shi a gabanka an kunna manhajar gwaji ta FurMark ko wasa mai nauyi na rabin awa kana kallon zafinsa, ku kuma yi magana a kan kwanakin da za ka iya dawo da shi.

Aikin gwaji

Ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya buɗe kwamfuta ɗaya ta aji, ya rubuta wat ɗin fawa fak da sunan katin hoto, ya faɗa ko sun dace da juna, da dalili. Sannan ku tattauna wannan: wata mai zane a Sharada ta ce kwamfutarta tana mutuwa ɗif, babu shuɗin allo, sau da yawa da safe lokacin da ake tayar da injuna, ran Lahadi kuma ba ta taɓa yi ba. Me za ku fara dubawa, me kuma za ku hana ta saya? Wanda yake da kwamfuta a gida ko a wurin aiki ya buɗe perfmon /rel, ya kwafo ranaku da lokutan jan alama na mako biyu, ya zo da su aji mai zuwa.